Digiri na Biyu ko Kama Aiki: Wanne Za a Fara Bayan Bautar Ƙasa?

Ƙanne da dama sun sha tambayata wannan, shi ya sa na ce bari in ɗora biyun a sikeli.

Ta fuskar kuɗi, mastas, wato digiri na biyu, ci take yi, aiki kuwa kawowa yake, ko da albashin bai taka kara ya karya ba. Ga lokaci: a takarda shekara ɗaya da rabi ko biyu ce, amma yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022 kaɗai wata takwas ya lashe. Kafin sufabaiza ya sa hannu a kundinka, ka iya wuce shekarun da bankuna ke ɗaukar sababbin ma'aikata, waɗanda galibi ba sa haura 27.

A gwamnatin tarayya kuwa takarda na da daraja: mai digirin farko kan fara daga matakin albashi na 8, mai mastas na 9. Jami'a ma sai da mastas za ka zama mataimakin lakcara. Kamfanoni fa? Tambayarsu ɗaya ce: me ka iya?

Mai burin koyarwa ko bincike, ya koma aji da zafi-zafi. Wanda gida ke jiran tallafinsa, ko kamfani ya nufa, ya kama aiki, ya yi mastas ta ƙarshen mako daga baya.