Na gama Red Dead Redemption 2, amma tarin Arthur bai bar kunnena ba

Daren Alhamis ne, wajen ƙarfe ɗaya da rabi, na kai ƙarshen wasan bidiyon nan Red Dead Redemption 2. Sunayen waɗanda suka ƙera wasan suna ta hawa a fuskar talabijin, ni kuma ina zaune a kan tabarma da fad, wato abin da ake riƙewa a juya wasan, a cinyata, ban kashe ba, ban tashi ba. Unguwarmu ta Nima a Accra ta yi tsit, sai ƙarar babur jefi-jefi daga babban titi. Wata huɗu na yi tare da wannan wasa, kusan kullum bayan isha'i, in mun rufe shago. Wanda bai gama shi ba ya dakata a nan, domin zan fasa ƙwai.

Na hannu na saya, a wajen masu sayar da kayan waya da wasanni na Circle, a nan Accra. Faifai biyu ne a kwalin, ɗaya na zubawa a na'ura, ɗaya na bugawa, kuma yana cin wuri kusan gigabayit 100. Sai da na goge wasan ƙwallo daga na'urar wasana, PS4, kafin ya shiga, abin da ya sa ƙanena ya kwana biyu yana cin magani. Kamfanin Rockstar ne ya fitar da shi tun watan Oktoban 2018, saboda haka a makare na zo.

Makon farko saura ƙiris in mayar da shi. Mu da muka tashi a gem senta, wato shagon buga wasan bidiyo, mun saba da abu mai zafi: minti goma, ka ci ko a ci ka, ka miƙa wa na bayanka fad. Nan kuwa sai aka jefa ni cikin dusar ƙanƙara a shekarar 1899, tare da ayarin 'yan fashi da suka tsere daga garin Blackwater, kowa na tafiya kamar an ɗaura masa dutse a ƙafa. Arthur Morgan, wanda shi kake juyawa, ba ya gaggawar komai. In zai bincike ɗaki, aljihun tebur ɗaya bayan ɗaya zai ja. In ya harbi barewa, sai ka zauna ka kalli yadda yake feɗe ta. A cikin sansani ma ba a yarda ka yi gudu ba. Ga maɓallai masu rikitarwa: sau biyu ina son in gaida mutum a hanya na auna shi da bindiga, gari ya ɗauka, dole na je gidan waya na biya tarar da aka sa a kaina. Wannan aibi ne na gaske, kuma har na gama hannuna bai daina kuskurensa ba.

Doki ne ya riƙe ni. A arewa maso yammacin taswira, kusa da tafkin Isabella, akwai wata farar goɗiya Balarabiya da ke yawo a daji. Sau uku tana kayar da ni kafin ta yarda. Na sa mata suna Kili, don tun ina yaro in an fito da dawakai ranar Sallah fararen nake bi da gudu har ƙafata ta yi ƙura. A wasan nan doki ba mota ba ne da za ka yar ka ɗauki wata. Kana goge mata jiki, kana ba ta karas da ciyawa, in ta ji ƙugin kyarkeci ta firgita sai ka shafa wuyanta kana lallashi. Manyan bindigoginka a sirdinta suke, fatun da ka farauto a bayanta suke. In ta mutu, ta mutu ke nan. Da tafiya ta yi tafiya sai na ga na daina neman hanyar yanke. Nakan bar ta tana takawa a hankali daga garin Valentine zuwa sansani, rana na faɗuwa, ni ma gajiyar kasuwa tana sauka daga kafaɗata.

To, ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi. A babi na biyu akwai wani tsoho mai tabarau a cikin ayarin, Leopold Strauss, wanda sana'arsa ba da bashi da ruwa ga waɗanda ya san ba za su iya biya ba. Shi ya rubuta a littafi, Arthur ya je ya karɓo. Cikin waɗanda aka tura ni wajensu har da wani manomi, Thomas Downes, ramamme, yana tari. Ba shi da ko sisi. Na shaƙe shi, na naushe shi a gaban matarsa da ɗansa, ya yi tari jini ya fantsama a fuskar Arthur. Wallahi ban ɗauke shi a bakin komai ba. Ƙanena yana gefena yana cewa, "Yaya, ƙara masa ɗaya," na kuwa ƙara. Aikin bai kai minti biyar ba, na hau Kili na wuce.

Makonni suka shuɗe, mun yi fashin jirgin ƙasa, mun shiga rigimar manyan gidaje biyu a Rhodes, mun isa babban birnin Saint Denis. Sai Arthur ya fara ɗan tari. Wasan bai ce maka komai ba, babu wata alama a fuskar talabijin. Tari ne kawai a tsakiyar magana, sai ya share baki ya ci gaba. Ni kuwa na san wannan tarin. A gidan haya da na girma a unguwar Mamobi, bango ɗaya ya raba mu da wani dattijo mai gadi, kuma na shekara ina jin irinsa da asuba, busasshe, mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Shi Allah ya taimake shi, an kai shi asibiti, ya sha magani wata shida ba tare da an karɓi ko sidi ɗaya ba, ya warke. Arthur kuwa a 1899 yake, fiye da shekara arba'in kafin a gano maganin tarin fuka na farko. Da ya yanke jiki ya faɗi a titin Saint Denis, abin da likita ya iya ce masa kawai shi ne ya nemi wuri mai ɗumi, marar laima, ya huta. A nan na ajiye fad. Na tuna fuskar manomin nan, na tuna da babban yatsana na danna naushin.

Ni ma mai karɓar bashi ne, ta wata fuskar. Shagon kawuna nake tsaro, shinkafa da mai da sukari muke sayarwa, kuma akwai wani littafi mai jan bango a ƙarƙashin kanta. Babu ruwa a bashinmu, Allah ya kiyaye, amma ni ake aika. Akwai wata baiwar Allah mai sayar da wake da shinkafa da ta ɗauki buhu biyu, wata uku shiru. Da can nakan je ne da hantsi, lokacin da layi ya yi tsawo, in tsaya a gaban tukunyarta, don na san kunya za ta sa ta kwance bakin zani. Washegarin ranar likitan nan Kawu ya ce, "Kai, ka leƙa wajen matar nan." Na ce, "To, Kawu, amma sai bayan azahar." Ya dube ni ta saman tabarau, bai ce komai ba. Na je bayan ta sauke tukunya tana wanke-wanke, muka gaisa, na tambayi yara, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Rabi ta bayar. Sauran yana nan a littafi har yau, kuma zan koma, don kuɗin Kawu ne, shi ma bashi yake ɗaukowa.

Babi na shida shi ne zuciyar wasan. Arthur ya rame, idanunsa sun yi ja, ko ka ba shi abinci ba ya ƙiba. Ya haɗu da matar Downes a Annesburg, garin haƙar kwal, talauci ya jefa ta cikin abin da ba ta so, ɗanta yana cikin rami yana haƙa. Ya ba su kuɗi su bar garin, ita kuma ba ta ce ta yafe ba, kuma na ji daɗin da masu wasan ba su sa ta faɗa ba. Ya kori Strauss daga sansani. Ana cikin haka shugabansu Dutch, wanda ya raine shi tun yana yaro, yana ta cika baki cewa yana da dabara, fashi ɗaya ya rage su tafi Tahiti su noma mangwaro. Duk wanda ya zauna a majalisar ataya a zango ya san irin wannan bakin, mai tara samari da alƙawarin hanyar Turai, kullum saura kuɗi kaɗan.

Ba duka ne ya yi daɗi ba. Babi na biyar, inda jirgin ruwa ya kife da su a tsibirin Guarma, harbe-harbe ne kawai babu doki babu sarari, na ƙosa ya wuce. Sannan ayyukan labarin suna da tsauri: ka kauce kaɗan daga inda aka ce ka tsaya, a ce ka faɗi. Iyaye kuma su sani, na 'yan shekara 18 ne zuwa sama. Akwai jini, ashar, caca da giya, har da wani dare na maye a mashayar Valentine da ba ka da ikon tsallakewa. Turancin kaboyi ne mai nauyi, sai da na kunna rubutu a ƙasa. Sau da yawa kuma dumso, wato ɗauke wutar lantarki, ya yanke ni a tsakiyar aiki, don haka na koyi adanawa da hannuna kafin in shiga kowane babban faɗa.

A daren ƙarshe na Arthur, ana bin su da harbi a kan dutse, aka harbe Kili. Ban san zai zo ba. Arthur ya dawo cikin ruwan harsashi, ya durƙusa, ya dafa kanta, ya yi mata godiya. Wata uku ina goge wannan farin wuyan. Matata ta farka ta ce, "Maigida, lafiya?" Na ce lafiya lau, amma muryar ba tawa ba ce. Na zaɓi in raka John Marston, ɗan ayarinmu, ya tsira maimakon in koma neman kuɗi. Arthur ya cire hularsa ya ɗora masa, ya ba shi jakarsa, ya tsaya a baya. Ya cika yana kallon fitowar rana.

Bayan nan wasan ya tsallaka zuwa 1907, ka koma John, kana tatsar shanu, kana kwashe kashinsu, kana kafa shinge, har ka ci bashin banki ka gina gida. Abokaina da yawa sun ce wannan ɓangaren ja ne kawai. Ni a wajena zaman makoki ne, kuma ina bukatarsa. In ka buɗe jaka, littafin da Arthur yake zane da rubutu a ciki yana nan, da zanen tsuntsaye da wuraren da muka bi tare.

Ƙanena yana ta tambaya, "Yaya, yaushe za ka ba ni faifan?" Na ce ya ƙara haƙuri, na sake farawa. Na koma tafkin Isabella na kamo Kili, yau mako uku ke nan muna babi na biyu, muna farauta muna kai wa mai dafa abinci nama. Strauss yana zaune a gefen sansani da littafinsa a buɗe. Na san labarin ba zai ci gaba ba sai na je gonar Downes. In na dawo daga daji, ta bayan tantuna nake zagayawa in ɗaure dokina.