Shekara guda da tsiro mai tulu da masu kaurin ganye a Kaduna

A watan Oktoban bara, daidai lokacin da ruwan sama ke ɗaukewa, na sayi tsirrai shida daga wani gidan renon furanni da ke tallata hajarsa a Instagram, aka kawo mini su har gida a Unguwar Rimi. Biyar daga ciki masu kaurin ganye ne, wato irin waɗanda ke ajiye ruwa a jikinsu: alobera ɗaya, Echeveria biyu, Crassula ɗaya da kariya ɗaya. Na shidan shi ne ya ja ni ga cinikin tun farko, wato Nepenthes, tsiron da bakin ganyensa ke zarcewa kamar igiya ya ƙare da ɗan tulu mai murfi, inda ƙwari ke faɗawa. Na jinkirta wannan sharhi har sai da suka ga hunturu da bazara da damina a hannuna, domin ba a gane lafiyar tsiro a makon da ya iso.

Ta fuskar yadda kayan suka iso, ba ni da ƙorafi. An naɗe kowane tulu da takarda mai laushi, huɗu ne kuma babu wanda ya fashe a hanya. Na duba ƙarƙashin ganyaye da gindin kowane tsiro ban ga farin ƙwaron nan mai kama da auduga ba, wanda sau da yawa daga wurin masu sayarwa ake kwaso shi. Kuɗin mai tulun ya kusa kai na sauran biyar a haɗe, amma ban ga laifinsu ba, tunda asalin dangin nan dazuzzukan Borneo da Sumatra da Filifin ne, sai kaɗan a Madagaska da Indiya. Takardar da ke jikin nawa ta nuna ventrata ne, haɗin iri biyu, wanda ya fi yawancin danginsa haƙuri da zaman gida.

Inda suka gaza shi ne wajen bayani. Kati ɗaya suka haɗo mini da shi, mai cewa a ba kowane tsiro ruwa sau biyu a mako, a ƙara taki duk wata. Wannan shawara tana iya kashe duka shidan, kowanne ta hanyarsa. Nepenthes ya samo asali ne a ƙasar da ruwan sama ya wanke, wadda ba ta da abinci, shi ya sa yake neman sinadarin naitirojin daga jikin ƙwari. Bakin tulun yana fitar da zaƙi, kiyashi ko ƙuda ya zo lasa, santsi ya kwashe shi ya faɗa cikin ruwan da ke narkar da shi. Saiwar irin wannan tsiro ba ta jure taki, ba ta kuma jure gishirin da ke cikin ruwan burtsatse. Amma sai ga shi an dasa shi cikin baƙar ƙasa mai takin shanu, irin wadda ake zuba wa fulawar ƙofar gida. Cikin mako uku gefen ganyayen ya fara ƙonewa. Na ciro shi, na wanke saiwar a hankali, na mayar da shi cikin dakakken ɓawon kwakwa da na jiƙa na tsiyaye sau da yawa, haɗe da farar tsakuwa mara nauyi da ake kira falait. Tun daga ranar ruwan sama kawai yake sha, wanda na tara a jarkoki, idan ya ƙare kuma sai ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki. Na sayi ɗan ma'aunin gishirin ruwa, ina kiyaye kada lambar da yake nunawa ta wuce 50, adadin da masu renon irin waɗannan tsirrai suka fi amincewa da shi.

Hunturu ne ya fi ba ni wahala, kuma a nan ne nake ganin mai sayar da irin wannan tsiro a Arewa ya wajaba ya faɗa wa mai saye gaskiya. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska ta bushe ƙwarai, tulunan huɗu suka yi baƙi ɗaya bayan ɗaya, sababbin ganyaye kuma suka riƙa fitowa ba tulu. Raina ya ɓaci matuƙa, na ɗauka ya tafi ke nan. Abin da ya cece shi shi ne na ɗauke shi daga baranda na kai shi tagar banɗaki mai kallon gabas, inda yake samun hasken safiya da tururin wanka, na kuma lulluɓe shi da farar leda mai huji da dare. Sai a watan Mayu, bayan ruwan farko, na ga ɗan ƙullutu a bakin wani ganye ya fara kumbura. Yanzu tuluna bakwai ne a jikinsa, ba na kuma ba shi komai, kiyashin gidan ya ishe shi.

Masu kaurin ganyen kuwa hunturu bai dame su ba ko kaɗan, sai ƙurar da nake share musu da ɗan burushi. Damina ce ta zame musu jarrabawa. Yawancin waɗannan tsirrai suna buɗe ƙofofin ganyensu da dare ne don kada rana ta ƙwace musu ruwa, saboda haka ƙishi ba ya saurin kama su, jiƙa ce ke ruɓar da su. Echeveria biyun, 'yan asalin Meziko, an kawo su cikin tukwane masu ƙyalli marasa huji a ƙasa, kuma a watan Agusta ɗaya ta narke daga gindi cikin kwana huɗu. Ɗayar na cece ta da tukunyar ƙasa mai huji, da cakuɗin yashin rafi mai tsakuwa da ɗan gawayi, ba na kuma shayar da ita sai na tsoma tsinke ya fito a bushe. Kariya, da yake 'yar gida ce, ta yi fure mai ruwan hoda a bazara ba tare da na yi mata wata hidima ba, sai dai mai yara ƙanana ya ɗaga ta sama, domin ruwan jikinta guba ne.

Da na kira mai gidan furannin na bayyana masa abin da ya faru, bai yi musu ba. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, mu ma sabon kaya ne a wurinmu." Na ce masa, "Malam, ba kuɗina nake nema ba, katin nan nake so a gyara." Ya aiko mini da wata Echeveria kyauta, a tukunya mai huji wannan karon, abin da na yaba ƙwarai.

Zan sake sayen masu kaurin ganye a wurinsu, amma zan sauya ƙasa da tukunya a ranar da suka iso. Mai tulun kuwa ba zan ba wa wanda bai tanadi ruwan sama da wuri mai laima ba shawarar ya saya. Ni dai na riga na cika jarkoki shida kafin ruwan bana ya ɗauke.