Buɗe ciki ko leƙawa da kamara: amsa ga ɗan'uwan da aka gano wa mahaifinsa kansar pankiriyas

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Tsakanin a buɗe masa ciki a duba da a leƙa da kamara ta ƙananan huji, ku zaɓi kamara. Duka biyun na gan su a gidanmu.

Yayata aka yi wa na kamarar. Idanunta suka yi ɗorawa, fitsari ya yi ja, muka ɗauka shawara ce, muka ɓata wata biyu a unguwar Birni, nan Damagaram, muna jiƙe-jiƙe. Da aka yi sikana, wato hoton cikin jiki na na'ura, sai ga ƙari a kan pankiriyas, wato halittar nan da ke bayan tumbi mai samar da insulin. A hoton hanta ta fito fes, amma awon jini na CA 19-9, wanda kan hau in akwai wannan kansar, ya hau sosai, sai likitan ya ce ba zai sa wuƙa ba sai ya leƙa. Seliyoskofi suke ce masa a nan, a Kano za ka ji laparoskofi. Aka sa ta barci, aka yi huji uku da ba su wuce kan ɗan yatsa ba, ɗaya a cibiya, aka hura iska cikin ya ɗago, aka zura kamara. Nan ya ga fararen ɗigo a bayan hanta kamar ƙwayar gero, irin waɗanda sikana ba ta kamawa saboda ƙanƙanta. Ya gutsuro kaɗan aka kai awo.

Ciwon ya riga ya bazu. Mun yi kuka, amma an raba ta da aikin Whipple, wanda ake cire kan pankiriyas da farkon hanji da maɗaciya, aikin awoyi da yawa da ba zai ƙare ta da komai ba tunda abin ya kai hanta. Washegarin leƙen ta sha kunu ta taka da ƙafarta, ƙorafinta ɗaya ciwon kafaɗa, wanda iskar nan ke jawowa. Ba a jima ba ta fara shimiyo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, a Yamai. Watannin da Allah ya ara mata a ɗakinta ta yi su, jikoki kewaye da ita, tana sallarta a tsaye.

Buɗe ciki kuwa kawunmu aka yi wa: aka tsaga, aka tarar ya bazu, aka ɗinke, ya yi makonni yana jinyar rauni a banza. Ranar buɗe ciki ita ce in an tabbata ƙarin zai ciru.

Sai dai kada ku tsallake sikana. Ita ke nuna ko ƙarin ya naɗe manyan jijiyoyin jini, abin da kamara ba ta gani da kyau. Kamarar kuma ba magani ba ce, matakin ciwon take faɗa. Kusan mutum 1 cikin 5 ne kawai ake samu ciwon na ciruwa a lokacin da aka gano shi, shi ya sa leƙen ke da daraja. Ku tambayi likitan fiɗa a babban asibitin Damagaram ko suna da kayan aikin kamarar. In babu, ya ba ku takarda zuwa Yamai ko asibitin Malam Aminu Kano.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu lasifika a kasuwar Dole da ke cewa garin maganinsu na narkar da ciwon daji, da 'yan kamashon bakin asibiti masu alkawarin "aikin leza" a wani ɗakin shan magani. Kada ka ba kowa ko dala sai ka zauna da likitan da zai yi aikin, ya gaya maka da bakinsa abin da zai yi in ya tarar ciwon ya bazu. Ku riƙe faifan sikanar da takardun awon jini duk inda za ku.