Na biya kuɗin furen Tailan, na tashi da kariya

Masu bin 'yan kasuwar furanni a Instagram sun san furen nan mai ƙaton gindi kamar tulu da ake kawowa daga Tailan, sun kuma san kuɗin da ake tsuga masa. Ni hoton da wata mai sayarwa ta ɗora ne ya ja ni, fure ja wur, ninki a kan ninki. Na tura kuɗi ba ciniki, ta aiko ta mota daga Abuja.

Wajen naɗi dai ta yi ƙoƙari. Kwali mai kauri, an cusa jarida ta ko'ina, gindin ya iso da tauri, ba tabo. Shukar ba ta da wahalar sha'ani, rana take so sosai, ruwa kuwa sai ƙasar ta bushe ƙarau, don a gindin nan take ajiye nata. Na aje ta a baranda inda hantsi ke dukanta. Da hunturu ya shigo ta kakkaɓe ganye tas, ban damu ba, haka ɗabi'arta take.

Abin da ya ɓata min rai daga baya ya zo. Irin waɗannan masu aure ne, kamar yadda ake yi wa mangwaro: a yanko reshen mai fure ninki a ɗora a kan gindin na gargajiya. Tun ranar farko na ga an naɗe wurin auren da leda, reshen yana ɗan lilo. Na ɗauki hoto na tura mata, ta ce "Hajiya ba komai, zai kama." Bai kama ba. Sannu a hankali ya yamushe ya bushe, gindin ya fito da sabbin rassa daga ƙasa. Na ci gaba da lallaɓa su da murna, har suka yi toho, suka buɗe. Fure falle ɗaya, ruwan hoda, mai kunne biyar! Surukata ta zo ta tsaya a kansa, ta ce "Wannan ai kariya ce, ga ta can birjik a bayan gidanmu a ƙauye, ko akuya ba ta kula ta." Da ta ji abin da na biya sai ta kama salati.

Kuma tunda na fara, bari in faɗi na tukunyar. Kyakkyawa ce, fara, amma babu huji ko ɗaya a ƙasanta, sannan an cika ta da baƙar ƙasa mai riƙe ruwa. Mai sayar da irin wannan shuka ta rasa sanin cewa ruwa in ya kwanta saiwar ruɓewa take yi? Sai da na zazzage ta, na yanke saiwar da ta fara laushi, na bar ta a inuwa ta sha iska, sannan na mayar da ita kaskon ƙasa mai huji da yashi da garin gawayi. Duk wannan ba ta gaya min ba, kamar yadda ba ta gaya min ruwan jikin shukar dafi ba ne, alhali na ce mata ina da yara ƙanana. Yanzu shukar tana saman katanga inda hannu ba ya kai wa.

Kariyar kanta ba ta yi min laifi ba, tana ta fure cikin rani lokacin da komai ya bushe, baƙi ma suna yabawa. Amma ba ita na saya ba. Na nemi ko reshe ɗaya ta aiko a sake auren, ta karanta saƙon ta yi shiru, ga shi kullum tana ɗora sabbin hotuna. Wanda zai saya, ya sa a nuna masa wurin auren a bidiyo, a cire ledar yana gani, kafin ya tura ko sisi.