Wasiƙa daga kwarin Douro: kwalbar da ka ce in kawo maka

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali, da Mama da su Goggo. Barka da arziki. Allah ya raya yarinya, ya ƙara wa mai jego lafiya. Saƙonka ya iso, na kuma ji buƙatarka: in zo maka da kwalba ɗaya ta jan ruwan inabin da muke yi a nan, ka adana ta sai ranar auren yarinyar, tunda ka ji an ce irin wannan giya tana tsufa tana ƙara daɗi. Akwai gaskiya a maganar, amma ba kowace kwalba ba ce, ba kuma a kowane ɗaki ba. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuto maka dalla-dalla, don a waya ba za mu gama ba.

Gonar da nake aiki ta iyali ɗaya ce, ƙarama, a kan tudu sama da garin Pinhão, a kwarin kogin Douro da ke arewacin Fotugal. Daga birnin Porto jirgin ƙasa kan yi awa biyu da ɗoriya kafin ya iso. Ƙasar dutse ce mai ɓarewa falle-falle, an sassare gangaren an yi masa hawa-hawa da katangun dutse don inabi ya sami wurin tsayawa. Mutanen wurin kan ce shekararsu wata tara ne na sanyi, wata uku na wuta, kuma ba ƙari suka yi ba: da bazararsu zafi kan haura digiri 40. Giyar sunanta Porto, amma a nan kwarin ake noma ta, a nan ake matse ta.

A watan Satumba ake kaka, da hannu ake yanka. Da yamma a zuba inabin a wani kwarami na dutse da suke kira lagar, mu wanke ƙafa, mu shiga, mu dafa kafaɗun juna mu jeru, wani yana ba da kira muna takawa a tare. Kamar awa biyu ana haka ba wasa, daga baya a saki kiɗa kowa ya taka yadda ya so. Manyan kamfanoni yawanci inji suke amfani da shi yanzu, amma maigidanmu ya ce tafin ƙafa yana fasa fatar inabi ba tare da ya murƙushe ƙwallon ba, kuma ƙwallon ne mai ɗaci. Ruwan yakan yi kwana biyu zuwa uku yana tsima yana kumfa. Kafin yis ya cinye zaƙin duka sai a janye ruwan a zuba masa barasar inabi mai ƙarfin kashi 77, kimanin lita 115 a kan lita 435, su cika ganga mai lita 550. Barasar ta kashe yis, tsimar ta tsaya cak, zaƙin da ya rage na inabin ne da kansa. Ba sukari, ba kala. Maigida kan yi ta auna ruwan dare da rana, in lokacin ya yi ƙarfe uku na dare, to ƙarfe uku za a tashe mu, don awa kaɗan kan sauya ɗanɗanon ganga gaba ɗaya.

Ka riƙe wannan, Yaya: ƙarfinta tsakanin kashi 19 ne da 22, wato kusan ninki huɗu na giyar kwalba da ka sani, ga zaƙi da ke ɓoye ƙarfin. Ba abin shan ƙishirwa ba ce kamar burukutu a ƙoƙo. Kada yara su gan ta su ɗauka zoɓo ne, kada kuma a ba Kawu, saboda ciwon sugansa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai tun zuwana ba ɗanɗanon ba ne, takardar da ke wuyan kwalba ce. Kowace kwalbar Porto tana da hatimi mai lamba daga hukumar da ke kula da giyar, IVDP, wadda hedikwatarta ke Peso da Régua, nan kusa da mu. Kafin a ba ka hatimin sai ka aika samfur, a gwada a ɗakin gwaji, masu ɗanɗano su ɗanɗana ba tare da sun san na wane ne ba. In ka ce taka ta kai matsayin shekara ashirin suka ji ba ta kai ba, ba za ka rubuta hakan ba. Gonakin ma an yi musu aji daga A zuwa F bisa tsayin wuri, irin ƙasa, inda gangaren ke fuskanta da shekarun itacen, kuma kowace shekara hukuma ke yanke yawan ruwan da kowace gona za ta mayar Porto.

Kada ka ɗauka su mutanen kirki ne tun fil azal. Algus ne ya kawo dokar. Da Turawan Ingila suka buɗe kasuwa bayan yarjejeniyar cinikin da suka yi da Fotugal a 1703, sai masu haɗama suka shiga haɗa giya mara kyau da ruwan 'ya'yan wata itaciya don ta yi ja, kasuwa ta faɗi warwas. A 1756 babban ministan sarki, wanda aka fi sani da Marquês de Pombal, ya shata iyakar yankin, aka kakkafa duwatsun shaida fiye da ɗari uku, aka sa a tumɓuke waccan itaciyar. Wasu duwatsun na nan tsaye har yau. To ka duba namu. Ka sayi zuma ba ka san rabinta sukari ba ne, ka sayi manja ba ka san an sa masa kala ba. A 2015 mutane da dama suka mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan sun sha ogogoro mai guba, don jarka ba ta da suna, ba ta da mai amsa laifi. Kasuwarmu da amana take tafiya, amanar wanda ka sani. Baƙo kuwa sai yadda ta yiwu.

Nakan tuna cittarmu. Ta Kachia da Jaba ba ta jin kunyar kowace citta a duniya wajen ƙamshi da yaji, amma a buhu take fita, ta hannun dillalai, ta isa Turai ba sunan ƙauye ba sunan manomi. Maƙwabtanmu na Kamaru sun yi wa masoron Penja rajistar suna tun 2013, ba mai sayar da wani masoro da sunan. Ƙananan gonakin nan ma ba su daɗe da samun kansu ba. Daga 1926 doka ta ce sai ta rumbunan Vila Nova de Gaia, tsallaken kogi daga Porto, ake fitar da giyar waje, don haka manomi sai dai ya sayar wa manyan kamfanoni. Sai a 1986 aka ba su dama su sa a kwalba da sunan gonarsu su sayar kai tsaye. Gidan da nake aiki albarkacin wannan doka yake ci.

Yanzu ga maganar kwalbarka. Jar Porto gida biyu ce. Akwai wadda ba ta daɗewa a ganga, tana nan ja wur da ƙamshin 'ya'yan itace: Ruby ita ce ta yau da kullum, LBV kuma ta shekara guda ce da ake sa wa a kwalba bayan shekara huɗu zuwa shida. Babbarsu Vintage, wadda ake ɗurawa tsakanin shekara ta biyu da ta uku bayan kaka, ba a tace ta, a cikin kwalba take girma shekara ashirin, talatin, har fiye. Ita ce wadda ka ji labarinta. Ɗaya gidan kuma Tawny ce, mai tsufa a ƙananan gangunan katako, iska na shiga kaɗan-kaɗan, jan yana komawa ruwan zuma, ɗanɗanon yana komawa na gasasshiyar gyaɗa da busasshen ɓaure. Za ka ga an rubuta 10, 20, 30, 40 ko 50, wato matsayin shekarun tsufanta. Wannan ta gama girmanta a ganga. Ko ka ajiye ta shekara hamsin ba za ta ƙaru da komai ba, sai ma raguwa, shi ya sa suke rubuta shekarar da aka ɗura ta a bayan kwalba.

Na kai wa uwargida maganarka, ita ce mai kula da ciniki. Vintage ta fi komai tsada a shagonmu, ni kuma ga ni da kuɗi a hannu. Ta tambaye ni zafin garinmu a watan Maris da Afrilu, ta tambayi ko wuta na tsayawa. Da na gaya mata sai ta ɗauki fitila ta ce in biyo ta ɗakin ƙasa. Sanyi kamar cikin randa. Kwalabe kwance a jere, ƙura ta rufe su, wasu da ɗigon farin fenti a gefe don a san ɓangaren da ke sama. Ta ce Vintage na son duhu da sanyin da bai wuce digiri 12 zuwa 15 ba, wanda ba ya hawa ba ya sauka. Kwance ake ajiye ta don toshiyar ɓawon itacen ta zauna a jiƙe, in ta bushe iska ta shiga, shi ke nan. A ɗaki mai rufin kwano zafi zai dafa ta, ya turo toshiyar, kafin yarinya ta shiga firamare kwalbar ta lalace. Firjin da ake ɗauke wa wuta kullum ma ba magani ba ne. Ta ce ba za ta sayar mini da abin da ta san zai ɓaci da sunan gidansu a jikinsa ba. Wannan ya burge ni ƙwarai, kuma na san ba tausayi kaɗai ba ne. Sunan kakan mijinta ne a kan takardar.

Ban da haka, ba kowace shekara ake yin Vintage ba. Manyan gidaje kan yi kamar sau uku a shekara goma, in kaka ta yi kyau sosai, kuma sai bayan shekara biyu ake sani. Ka ga ta shekarar haihuwar yarinyarka ba ta ma shiga kwalba ba tukuna.

Wajen sha ma kowace da ladabinta. Tsohuwar Vintage akan tsayar da ita kwana guda ɓarɓashin ya kwanta, sannan a tsiyaye a hankali a wani tulun gilashi, a bar gindin. In toshiyar ta tsufa tana marmashewa, akwai wata awartaki da ake gasawa a wuta ta yi ja, a matse wuyan kwalbar da ita, a shafa ruwan sanyi, wuyan ya tsinke tsaf. Da an buɗe, kwana biyu zuwa uku ne. Ruby da LBV kan kai makonni, Tawny kuwa a tsaye ake ajiye ta, a ɗan sanyaya ta, kuma takan kai wata ɗaya zuwa biyu bayan buɗewa. Ƙaramin kofi ake zubawa, ko rabi ba a kaiwa, bayan abinci, da cuku ko almon ko cakulan. Baƙin da ke zuwa ɗanɗano sai su yi awa guda a kan kofi uku suna hira, ban ga wanda ya fita yana tangaɗi ba.

Shagonmu ɗan ɗaki ne, amma farashi a rubuce yake, rasit dole ne, kuma akwai littafin koke da doka ta wajabta wa kowane shago. In mai saye ya nema ba ka isa ka hana ba, kuma koken yana isa ga hukuma. Ba ciniki, ba "nawa ka saya", ba gyara. Wannan kam ina kewar kasuwar Kafanchan, inda sai an gaisa an tambayi gida kafin a taɓa kaya.

Kada kuma ka ce Aljanna muke. Aikin kaka a gangaren nan yana cin gwiwa da baya, ladan lebura ba yawa, matasan ƙauyukan sun gudu birni, baƙi irinmu ke cike gurbin. Shan Porto yana raguwa a duniya, a 'yan shekarun nan an yi ta rage kason da ake ba manoma, har sun fito zanga-zanga a Régua, don wasu sun rasa mai sayen inabinsu. Sun taɓa ganin abin da ya fi haka: a shekarun 1860 da 1870 wani ƙwaro daga Amurka ya cinye saiwar inabin, sai da aka koma yi masa aure da saiwar inabin Amurka, yadda muke yi wa mangwaro. Har yau akwai gangaren da aka bari kufai tun lokacin. Duk sanda na wuce su sai in tuna cutar da ta cinye mana citta a 2023, da yadda ka kwana kana lissafin bashi.

Ga yadda muka tsayar. Da Kirsimeti zan zo maka da Tawny mai 10, a buɗe ta a sha cikin hutun, kada a ɓoye. Ta yarinya kuwa a nan za ta zauna. In shekarar ta yi kyau suka yi Vintage, uwargida ta yarda in biya kwalba biyu a rubuta sunanta a ajiye a ɗakin ƙasarsu. In ba su yi ba, akwai Colheita, Tawny ta shekara guda wadda doka ta ce sai ta yi aƙalla shekara bakwai a ganga, ana iya nemanta da shekarar haihuwa idan biki ya matso. Su Malam maƙwabcinmu da ba su sha, zan riƙo musu man zaitun na gonar da almon, ka gaya mini gida nawa ne. Ka turo mini cikakken sunan yarinyar yadda aka rubuta a katin baftisma, ka kuma sa Mama ta busar mini da citta mudu biyu, maigida yana so ya ji ƙamshin wadda nake ta ba shi labari.

Ka gaida kowa da kowa.

Ƙaninka