Hasken rana ko filashi: hoton taron biki a Yamai

Mai ɗaukar dangi hamsin hoto a bikin aure yana da zaɓi biyu. Hasken rana kyauta ne, kuma yana kai wa sahun baya daidai da na gaba. Sai dai da azahar inuwar hula kan rufe idanu, farar shadda ta yi ƙyalli har aikin wuyanta ya ɓace. Bayan la'asar, ko cikin hazon hunturu, hasken ya fi laushi, shi na fi so.

Filashi kuwa, in nisa ya ninka biyu, haskensa kan koma kashi ɗaya cikin huɗu: na gaba su yi fari fat, na baya su nutse cikin duhu. In dare ya tilasta, a ɗaga fitilu biyu bisa sanduna, dama da hagu, a sa kyamara kan f/8, wato a ɗan tsuke kafar da haske ke shiga kyamara.