Kada ka sa hannu a takardar nan, ƙanena, ka yi takardunka na kanka

Ƙanena, na karanta takardar kwantiragin da ka ɗauko hotonta, shafi huɗun nan duka, har sau biyu, sai da na ƙara girman rubutu a waya don in ga ƙananan layukan ƙasa. Kada ka sa mata hannu yadda take. Tsakanin ka bi ta hannun kamfanin nan mai samar wa mutane aiki, da ka yi takardunka ka riƙa karɓar aikin sola da hannunka, na biyun za ka ɗauka. Na bi hanyoyin nan biyu da ƙafata, ba labari aka ba ni ba.

Abu ɗaya zan yaba wa irin waɗannan kamfanoni: suna da ƙofar da ni da kai ba mu da ita, domin manyan ma'aikatu da ƙungiyoyin agaji ba sa zuwa bakin kasuwar Dole neman mai haɗa wuta. Iyakar alherinsu a wurina ke nan.

Ka tuna watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu bayan juyin mulki. Kowa ya koma neman faranti da batir, mu masu wannan sana'a muka yi daraja. A lokacin ne na sa hannu da wani kamfani mai ofis a Yamai, wakilinsu a nan Damagaram ya kawo mini takarda muna zaune a kan benci, ya ce mota na jira, in sa hannu kawai, sauran duk rubutun Nasara ne. Na sa. Aka kai mu wajen Tanut, wata uku muna kafa faranti a kan rijiyoyin burtsatse, rana na dukanmu, ƙarfe ya yi zafi har sai ka naɗe hannu da tsumma kafin ka riƙe shi. Muka gama, aka gwada, ruwa ya hau shato. Na dawo gida ina jiran kuɗi. Wata ɗaya, wata biyu, har huɗu. Duk kiran da na yi amsa ɗaya ce: mai aikin bai biya mu ba tukuna. Mai gidan haya ya zo sau biyu, mai shagon unguwa ya cika shafi da sunana, uwar yara ta sayar da tunkiyarta ba ta faɗa mini ba sai daga baya. Wannan na ƙarshe shi ne har yau yake ci mini rai.

Da na koma na buɗe takardar a tsanake, sai na ga ni da kaina na yarda da hakan. Layin nan yana cikin taka, a shafi na biyu: za a biya ka bayan wanda aka yi wa aikin ya biya kamfanin. Babu rana, babu wata. Wato bashin da ke tsakanin manya biyu, kai ƙarami aka ɗora wa shi, alhali ba ka san ranar da suka kai takardar neman kuɗin ba, ba ka kuma da ikon zuwa ka tambayi mai aikin, tunda ba da kai ya yi magana ba. Daga baya wani mai kula da sito a wurin aikin ya nuna mini abin da ake biyan kamfanin a kan kowace rana tawa. Ya kusa ninki biyu na abin da ya shigo hannuna. La'ada halal ce, dillali ma yana cin guminsa, amma la'adar da ake ɓoye wa wanda ya yi aikin ita ce Hausawa ke cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai layin da ya hana ka yi wa mai aikin wani aiki kai tsaye har shekara guda bayan kun rabu. Shi ma ya kama ni. Mutanen sun ji daɗin hannuna, suka kira ni in riƙa zagayawa ina duba musu rijiyoyin, na ce ba dama, akwai tara a kaina. Na zauna ina kallo aka ba wani. A taka takardar kuma an ƙara da cewa in kaya ya lalace a wurin aiki daga kuɗinka za a cire, su suna iya sallamarka ranar da suka so, kai kuwa in ka tafi ka biya tara, in rigima ta tashi kuma a Yamai za a yi shari'a. Kusan kilomita 900 daga nan. Wa zai biya kuɗin bas zuwa da dawowa, da masauki, da lauya, don neman jika 200? Sun san ba za ka je ba, shi ya sa suka rubuta.

Amma asalin matsalar tana cikin kalma ɗaya a saman shafin farko, inda suka kira ka prestataire, wato mai zaman kansa da aka ba jinga. Ka duba sauran takardar: su za su sa maka lokacin zuwa da na tashi, su za su ce je ka can ko dawo nan, shugaban aikinsu za ka bi, ba ka da izinin karɓar aikin kowa. Wannan ba zaman kai ba ne. Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ba sunan da aka laƙaba maka take dubawa ba. Duk wanda ya sa ƙarfinsa da sana'arsa ƙarƙashin umarnin wani don a biya shi, ma'aikaci ne. Ma'aikaci kuwa yana da abubuwan da takardarka ta yi shiru a kansu: a yi masa rajista a kes, wato CNSS, asusun ƙasa na kula da ma'aikata, a cire masa kashi 5,25 cikin 100 na albashi, mai ɗaukarsa ya zuba kashi 16,40, daga nan kuɗin iyali da na hatsarin aiki da fansho suke fitowa. Yana da hutu na kwana biyu da rabi a kan kowane wata da ya yi, kuma in an zalunce shi ofishin sufeton ƙwadago a buɗe yake gare shi ba da kuɗi ba. Da kalmar nan ɗaya suka kauce wa duk wannan. Sun ɗora maka igiyar ma'aikaci, sun hana ka inuwarsa. Ka yi tunanin ranar da ƙafarka ta zame daga kan shato, Allah ya kiyaye. Wa zai kai ka asibiti, wa zai ciyar da gidanka?

Yanzu bari in ba ka labarin ɗaya hanyar, wadda nake kai.

Bayan abin da ya same ni na je na yi rajistar kasuwanci, RCCM, na karɓi lambar haraji, NIF. A nan Damagaram ake yi, ka fara da ofishin Chambre de Commerce su nuna maka inda za ka bi. Dokar kasuwanci ta OHADA da ƙasashen Afirka 17 suke aiki da ita, har da tamu, tun gyaran 2010 ta buɗe wa ƙaramin mai sana'a matsayi mai sauƙi da suke kira entreprenant, ka tambaya ko shi ya fi dacewa da kai. Na sa aka yi mini hatimi da littafin faktir, wato takardar neman biya, mai kwafi uku.

Aikina na farko da waɗannan takardu a wani lambu ne bayan Mirya, na wani dattijo da 'ya'yansa. Injin fetur suke ban ruwa da shi, kuɗin mai ya cinye musu riba. Na je na auna zurfin rijiyar da igiya, na zauna a gindin mangwaro na rubuta komai a gabansa: faranti nawa, famfo wane iri, waya mita nawa, ladana nawa. Babban ɗansa ya karanta masa da Hausa layi-layi. Ya ce in rage, na rage abin da zan iya, muka shirya. Ya ba ni rabi kafin alƙalami na sayo kaya, saura ranar da ruwa ya fito. Muka sa hannu, limamin garin da ɗansa suka shaida. Kwana biyar na yi. Ranar ta biyar da hantsi na haɗa wayar ƙarshe, famfo ya yi ƙara kaɗan, sai ruwa ya ɓulɓulo cikin kwalbati ba hayaƙi ba rugugin inji. Dattijon nan ya tsuguna ya tara hannu biyu ya wanke fuska, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya shiga bukka ya fito da sauran kuɗina a ƙulle cikin leda, ya ƙirga mini a kan tabarma. Da zan tafi suka ɗaure mini buhun kabeji da salati a bayan babur. Kafin damina ta sauka maƙwabtansa uku sun kira ni, ɗaya kuma ya haɗa ni da ƙaninsa a Matamai. Babu takardar da ta hana ni zuwa.

Kuma takardun nan su ne suka buɗe mini ƙofar da na ce ba mu da ita. Ƙungiyoyi da yawa suna ba da ƙananan ayyuka kai tsaye in kana da NIF da faktir, domin akawunsu takarda yake so. Wanda ba shi da lamba ma, abin da ake cire masa na haraji daga kuɗin aikinsa ya fi na mai lamba yawa.

Ba zan ɓoye maka nauyinta ba. Haraji yana kanka duk shekara, ko kasuwa ta yi ko ba ta yi ba. Akwai watan da waya ba za ta yi ƙara ba. Babu mai zuba maka kes, don haka ni daga kowane aiki nake ware wani abu in sa a adashe, ban taɓa shi sai ciwo ko hatsari. Akwai kuma mai cin bashi, har cikin masu manyan riguna. Amma a nan ka san wanda kake bi, ka san ƙofar gidansa, kuma in kana riƙe da takarda mai sa hannunsa da faktir, dokar OHADA ta ba ka hanyar neman kotu ta umarce shi ya biya, a nan garin, ba a Yamai ba. Shi ya sa ko ɗan uwanka ne kada ka ɗaura waya ɗaya sai an rubuta, kuma kada ka sayi kayan aiki da kuɗinka.

In kuwa matsi ya sa dole sai ka bi ta kamfanin nan, don na san akwai iyali, to ka koma ka ce su zaɓi ɗaya. Ko su ɗauke ka ma'aikaci da kwantiragi mai wa'adi, wanda doka ta yarda ya kai har shekara 2, da lambar kes da takardar albashi duk wata. Ko kuma su bar ka mai zaman kanka na gaskiya: a rubuta ranar biya, kwana 30 bayan ka miƙa faktir ko an biya su ko ba a biya su ba, a soke layin hana ka aiki, a mai da shari'a Damagaram. Ka kai wa sufeton ƙwadago takardar ya duba kafin ka sa hannu, ba bayan ba. In suka ce tasu ba a taɓa ta, ka tashi. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba.

Wani abu da ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa. Ka yi hattara da masu sayar da gurbin aiki a WhatsApp da Facebook, masu fakewa da sunan matatar mai ta SORAZ ko bututun mai ko wata ƙungiyar agaji, su ce ka turo kuɗin dosiye ta waya a ajiye maka wuri. Na san yara biyu a unguwarmu da suka tura, lambar ta mutu washegari. Yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Nijar ta amince da ita a 2015, ƙa'idarta ita ce kamfanin samar da aiki ba ya karɓar kuɗi daga hannun mai neman aiki. Duk wanda ya fara da cewa ka biya, ka je ofishin ANPE, hukumar gwamnati mai kula da samar da aiki, ka tambaya ko sun san shi. Haka masu ba da aron NIF ɗinsu a kan kaso: kuɗinka a asusunsu zai sauka, sai abin da suka ga dama za su miƙo maka. Sai masu faranti. Akwai wanda za a manna masa takardar wat 300 a baya, ka kai shi rana ka sa mita ka ga bai kai ba. Ka riƙa tafiya da mitarka, ka fitar da shi waje da tsakar rana ka gwada a gaban mai shago kafin ka ƙirga kuɗi, domin in ya gaza a lambun mutane sunanka za a kira, ba nasa ba.

Kada ka ba wakilin nan amsa a waya. Ka zo shago ranar Alhamis bayan la'asar da takardar da katin ɗan ƙasa, mu zauna mu ja layi a ƙarƙashin wuraren da za ka ce a gyara, in kuma nuna maka littafin faktir ɗina da yadda nake rubuta wa mai aiki lissafin kaya.